Lamba 417, Idi-Araba

Nefa ta ɗauke tun ƙarfe biyun dare.
Ban tuna da zufa ba, firji na tuna.
Kafin ladanin Idi-Araba ya gyara murya
ina ƙofar ɗakin gwaji, silifa wari da wari,
ina roƙon Baba Lamidi ya ja igiyar janareto.
"Huwaila, kwalba ce fa, ba jariri ba."
Na ce, Baba, ja dai.

Kwalbar ba ta kai ɗan yatsana ba,
kuɗinta ya haɗiye albashina na wata uku.
Ta hau jirgi cikin ƙanƙara,
ta kwana biyu a Ikeja, kwastan na juya takarda.
Antibodi ake ce mata.
Ni Gwaggo nake ce mata,
don gwaggona kaɗai na sani
da za ta tsaya a tashar Agege ta dubi kunci
ta ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe,
waccan tsagar ta Oyo ce,
ba ta taɓa tambayar kowa sunansa ba.

Dakarun jiki ma da tsagarsu.
Ido ba ya gani, sai an aiki mai gani.

Yau kaluluwa ce, daga wuyan wani.
Takarda ta ce namiji, sha tara,
ɗan dako a kasuwar Mil Sha Biyu.
Wata huɗu tana kumbura a ƙarƙashin kwandon tumatir.
Suna an rufe. Lamba aka ba ni.

Na daskarar da ita a cikin kaki,
na yanka ta fi ɓawon albasa sirantaka,
na shimfiɗa a ruwan ɗumi har ta saki jiki,
na ɗauke ta da gilashi
kamar mai ɗauke tsoka daga bakin jariri.
Na narke kakin, na dafa, na bari ta huce.
Sai ɗigo.
Ɗaya na Si-Di uku, ɗaya na Si-Di ashirin,
na ƙarshen har sai da na karkata kwalba,
na riƙe numfashi kada ya faɗi a tebur.

Awa guda ba abin yi.
Ruwan sama na dukan kwano,
kwata ta cika, ɗanfo na ihu a titi.
Na ci ƙosai biyu a tsaye.

Abin da nake tsoro na sani:
gari ya wayi gari da fuska ɗaya,
tsaga ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa,
ɗa ya haifi kansa, ya sake haifar kansa,
har maƙwabci ya rasa wurin shimfiɗa tabarma.
Wannan shi ne daji.
Na gan shi sau uku a makon jiya.

Na wanke, na zuba mai launi,
na bi da shuɗi kamar na marina.
Na sa a madubi, na murɗa, na murɗa.

Ruwan goro ya fito unguwa-unguwa.
Masu ashirin sun yi da'ira, sun zauna tasu,
masu uku sun cika lunguna a tsakani,
ga baƙi nan da ba su amsa kiran kowa ba,
shuɗi kawai, suna harkar gabansu.
Cunkoso, turereniya, kowa da kowa.
Oshodi ke nan da ƙarfe shida.
Wallahi ban taɓa son hayaniyar Ikko kamar yau ba.

Ba ni ke sa hannu ba.
Dakta Adebimpe za ta zo ta duba da nata idon,
ta yiwu ta ce a nemi tarin fuka,
ta yiwu ta ce a sake yanka.
Na jera gilasan a faranti, na rubuta lamba,
na mayar da Gwaggo firji, saura ɗigo kamar biyar.

Da yamma a ɗanfo
wani yaro ya zauna gabana, gammo a cinyarsa,
filasta a wuya.
Kwandasta na neman canji.
Na buɗe baki, na rufe.
Ya sauka a Mushin, bai waiwayo ba.